Layi Ya Sake Yankewa

Litinin, da yamma

Ya sake yankewa. Tun dawowata daga aiki nake zaune gaban kwamfutar Injiniya, ko mayafi ban cire ba, ina kallon ɗan shuɗin zanen nan mai nuna tafiyar saƙo yana rarrafe kamar hawainiya. Ya kai rabi, sai fitilun modem, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin waya, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da akwatin nan yana da wuya, wallahi da na shaƙe shi.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda a gidan nan duk wanda na buɗe wa baki haƙuri zai ba ni, ni kuwa haƙurin ya kai mini iya wuya. Mijina, wanda kowa ke kira Injiniya, yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. An tsare jirgin a wata tasha mai nisa, da su duka a ciki. Dalili? Kowa da nasa. Kamfanin ya ce matsalar takardu ce. Yaya, wan mijina, ya ce siyasa ce. Mai jirgin ya yi ɓatan dabo, fasfo ɗinsu kuma yana kulle a hannun wakilinsa. Rabonmu da muryar Injiniya tun kafin a tsare su.

Wata mata ce a can ta nemo ni ta imel, tana aiki da ƙungiyar da ke taimakon ma'aikatan jiragen ruwa. Matar Tasha nake ce mata. Ta ce ofishin jakadancinmu zai iya ba shi takardar dawowa gida, amma sai sun ga hoton tsohon fasfonsa, da takardar haihuwa, da ta ɗaukarsa aiki, su fito tar har a iya karanta hatimi. Na yi musu sikanin, wato na ɗauki hotonsu da na'ura, suna nan cikin kwamfuta. Abin da ya rage su bi ta wayar nan su tafi. Sun ƙi.

Mu biyu ne a gidan, ni da Mama, mahaifiyarsa, layin waya kuma ɗaya. Kwamfuta na falo. Wayar tarho na ɗakin Mama, a gefen gadonta. Tun ranar da labarin ya zo ta sa aka mayar da ita can.

Talata, da safe

Na gwada kafin in fita. Modem ya yi kukansa irin na agwagwar da aka taka, ya haɗa, ya yanke.

Talata, da yamma

Na je shagon intanet na bakin titi da faifai a jaka. Hotunan sun fi ƙarfin faifan, dole na rage musu girma kafin su shiga. Na bi layi, na tura. Ban tashi daga kujera ba Matar Tasha ta amso: hatimin ya zama kamar an zubar da shayi a kan takarda, ba za su karɓa ba. Faks ɗin da na aika mata makon jiya kuwa baƙi ƙirin ya fito, fuskarsa kamar gawayi. Ta gidan waya ta ce kada ma in fara.

Na dawo na tarar da Yaya a falo, ya baje a kujerar Injiniya. Shi ne fa ya samo masa aikin nan, ta hannun wani abokinsa da yanzu ko wayarsa ba a samu.

"Amarya," in ji shi. Shekara da shekaru da aurena, har yau Amarya. "Ki daina wahalar da kanki da wannan akwatin. Na yi magana da manya, ana kan abin."

"Waɗanne manya, Yaya?"

"Ke dai ki bar wa maza."

Na ce to. Na kawo masa ruwa. Maza suna kan abin tun yaushe, ko kwafin takarda ɗaya ba su nema ba. Da me suke kan abin? Da baki?

Laraba, bayan na taso daga aiki

Mai Gyara ya zo. Wani mai shagon kwamfuta ne da abokiyar aikina ta haɗa ni da shi, mutum mai yawan tsaki. Ya ga doguwar igiyar wayar da ta zagaye falo ta bi ta bayan firij, ya ja tsaki, ya cire ta ya sa gajeruwa. Ya buɗe wani shafi da ban taɓa sanin yana cikin kwamfutar ba, ya goge alamar da ke sa modem ya kashe kansa idan an jima ba a taɓa komai ba. Sannan ya ce modem ɗin zumuɗi ke damunsa, yana son gudun da layinmu ba zai iya ɗauka ba, kamar mai tseren keke a cikin yashi. Ya sauke masa gudu daga hamsin da shida zuwa talatin da uku.

"Zai yi nawa, amma ba zai faɗi ba," ya ce. "Akwai wata wayar a kan layin?"

Na ce akwai ta ɗakin Mama. Ya ce in dai aka ɗaga ta ana cikin aiki, shi ke nan an gama. Na leƙa na tambaye ta, da ladabi.

"Ni? Me zan yi da ita in ba ta yi ƙara ba?"

Ya ce a zare ta na ɗan lokaci mu gani. Mama ta ɗora hannu a kan wayar kamar an zo ƙwace mata jika.

"Ku zare, ɗana ya kira ya ji shiru?"

A nan maganar ta mutu. Ya kunna, layi ya zauna daram. Muka buɗe wannan shafi muka buɗe wancan, lafiya lau. Mama ma ta fito ta tsaya bakin ƙofa tana kallonmu har ya haɗa kayansa. Yana fita, kowa ya koma harkarsa, na ɗora takardun. Yanzu kuma tafiyar ta koma ta kunkuru. Zanen bai ma kai rabi ba layi ya yanke.

Alhamis, da rana

Na roƙi Shugabar makarantar da nake buga wa takardu ta ba ni awa biyu, na tafi ofishin kamfanin waya. Tagogi huɗu, ɗaya ce a buɗe. Mutumin da ke ciki yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihun tebur. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai ɗago ba.

"In kin ɗaga waya kina jin sauti?"

"Ina ji."

"In an kira ki kina jin magana?"

"Ba magana na zo yi ba, takardu nake son turawa."

"To layinki lafiyarsa ƙalau. Mu layin magana muka ba ki. Ba mu ce zai yi hira da kwamfuta ba."

Na ce masa ran mutum ne a ciki. Ya ce kowa da ya zo tagar nan haka yake cewa. Ya tura mini wata takardar ƙorafi ta ƙarƙashin gilashi, da maiƙon gyaɗa a jikinta. Na cika, na miƙa, na ga inda ya ajiye ta. Allah ya isa ban faɗa ba, amma saura ƙiris.

Juma'a, da yamma

Ƙananan saƙonni suna shiga su fita, manyan ne ba sa wucewa. Yau saƙon Matar Tasha ya shigo. Ta ce jami'in jakadancin zai zo tasharsu ranar Alhamis ta sama, ba wannan mai zuwa ba, kuma daga nan ba ta san yaushe zai sake zuwa ba. In takardun na hannunta kafin nan, to.

Akwai wata magana a ƙarshen saƙon. Ba zan rubuta ta yau ba.

Mama ta tambaye ni me baturiyar ta ce. Ban ma san ko baturiya ce ba. Na ce tana gaishe ta.

Asabar, da hantsi

Na wanke labulen falo duka. Ba su yi datti ba.

Lahadi, da yamma

Na kira Mai Gyara. Ya ce wataƙila layinmu yana da tsarin jiran kira: idan wani ya bugo ana kan layi, sai wani ɗan ƙit-ƙit ya shigo, shi ke firgita modem. Na ce in haka ne me ya sa wayar ba ta ƙara bayan ya yanke? Ya ja tsaki ya ce wani lokaci mai kiran ne ke gajiya. Ya ba ni alamar tauraro da lambobi biyu, ya ce in sa su a gaban lambar da modem ke bugawa, za su toshe kira har in gama. Ya kuma karanto mini wasu baƙaƙe in zuba a wani ɗan gurbi, A da T da wata alama mai kama da mutum ya tanƙwashe ƙafa. Na rubuta su kamar mai rubuta maganin da likita ya faɗa da baki.

Sai da na ajiye waya na gane abin da ya ba ni. In na sa tauraron nan, Injiniya ya samu ya bugo daga can, wataƙila da kati ɗaya tak da wani ya ara masa, zai ji layi a cike. In ban sa ba, takardunsa ba za su tafi ba. Wane irin zaɓi ne wannan? Wa ya zauna ya ƙera abu haka, a ce ko dai ka ji muryar mutum ko ka cece shi?

Na daɗe da yatsa a kan maɓallin. Na sa. Ban gaya wa Mama ba.

Ya yanke duk da haka.

Litinin, da safe

Ya yanke.

Litinin, da yamma

Yaya ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba. Wai tun jiya yake bugowa yana jin layi a cike, wai manyan nasa ma ƙila sun nema ba su samu ba.

"Kin kama layin gida kin riƙe kamar na gadonki! In yaron nan ya kira fa? Kin yi tunanin tsohuwar nan?"

A gaban Mama ya faɗa. Ta juyo ta kalle ni, wani irin kallo. Gara ma ta zage ni.

Na ce, "Yaya, takardunsa nake turawa."

"Yau kwana nawa kina turawa? Ko da jaki aka aika su da sun isa!"

Na ce to. Ban kawo masa ruwa ba.

An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya kai shi jirgin nan yana yawo da babbar riga yana ba da umarni, ni da nake kwana da lambobi a kai ni ce mai laifi. Shi a wurinsu ɗa ne, ƙane ne. Ni fa? Ni matar da ke riƙe layi.

Na cire tauraron.

Talata, lokacin hutun rana, a ofis

Bari in rubuta, ko na huta. Matar Tasha ta ce an sauko da mutum ɗaya daga jirgin an kai shi asibiti, daga ɗakin inji. Ba a ba ta suna ba tukuna. Su biyar ne a ɗakin injin, ya taɓa gaya mini.

Na buga wa Shugaba jadawalin jarrabawa, na sa aji biyu a ɗaki ɗaya. Ta dawo mini da shi, ta dube ni, ta ce in sake a hankali. Ko faɗa ba ta yi ba. Na tsani a tausaya mini.

Laraba, da yamma

Na matsar da modem daga kusa da talabijin. Na kashe fitilar falo mai tsuwa. Na kashe firij har ruwa ya fara bin ƙasa. Na goge bakin igiyar da auduga. Na sauke gudun ƙasa da inda Mai Gyara ya bar shi. Na yi masa magana da daɗi, na kuma zage shi.

Mama ba ta cin abin kirki. Na kai mata, na dawo na ɗauke kamar yadda na ajiye. Idanunta sun faɗa. Ta ce kunnenta na hagu yana mata wani iri, in samo mata maganin ɗigawa.

Alhamis, da safe

Shi ne aka kai asibitin.

Alhamis, da yamma

Ciwon huhu ne, in ji Matar Tasha. Ta gan shi da idonta, yana gane mutane, amma magana tana masa wuya. Ta ce likitocin suna ƙoƙari, sai dai asibitin ba zai riƙe shi ba tare da takarda ba har abada, in ya ɗan farfaɗo jirgin za a mayar da shi. Jirgin da babu wuta, babu isasshen ruwa. Ta sake tambayar takardun, da lallashi, kamar ni ce na ƙi.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo. Da na fito Mama ta ce ruwa fa ba kyauta ba ne.

Juma'a, da yamma

Na je shagon Mai Gyara da kaina, na tsaya masa a ka. Na ce ko ya gyara ko ya gaya mini ba zai iya ba. Yau bai yi tsaki ba. Ya ce abu ɗaya ya rage. Modem yana yin shiru da zarar ya haɗa, amma akwai baƙaƙe biyu da za a ƙara masa, M da lambar biyu, sai lasifikarsa ta zauna a buɗe har ƙarshe.

"Zai dame ki da ƙara. Amma ki kasa kunne daidai lokacin da zai yanke. In tartsatsi kika ji, ruwa ne ya shiga akwatin kan sanda. In ƙit-ƙit ne, kira ne. Ki zo ki faɗa mini abin da kika ji."

Gobe da safe, in na natsu.

Asabar, da rana



Na sa baƙaƙen, na kunna. Bayan kukan agwagwar sai wani shuuu ya cika falo, kamar ana ruwa a kan kwano. Na ɗora takardun, na kafa kunne a jikin akwatin. Zanen ya fara rarrafe. Can sai na ji ƙwas. Sannan, a cikin shuuu ɗin, wata 'yar murya ƙasa-ƙasa:

"Alo? Alo? Kai ne? Ɗaga murya, ɗana, ba na ji."

Fitilu suka mutu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kwana da kwanaki! Igiya, firij, mai gyaɗa, tauraro, zagin da na sha a gaban mutane! Na nufi ɗakinta da maganganu cike da baki, waɗanda ban taɓa tunanin zan iya faɗa wa uwar mijina ba. Na tura ƙofa ko sallama babu.

Tana zaune a bakin gado, ta rungume kan wayar da hannu biyu ta danna shi a kunnen dama. Da ta gan ni ta yi saurin ajiyewa, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Mama, kin ce ba kya taɓawa."

"Sai ta yi ƙara nake ɗauka."

"Ba ta yi ƙara ba."

"Tana yi. 'Yar ƙarama, tin, tin, kamar daga nesa. Ke ba kya ji daga falo." Ta share ido da bakin zane. "Shi ne yake ta nema. Kullum sai ya kira, safe da yamma. In na ɗauka sai in ji iska da ruwa, teku ce. Yana ta magana, kunnen nan ne ya ci amanata. Ban faɗa muku ba don kada yayansa ya ce na tsufa a ɗauke wayar daga ɗakina."

Ashe duk lokacin da modem ya buga lamba, tsohuwar wayarta sai ta ɗan yi motsi. Sai ta zauna tana jira ta sake yi, in ta gaji da jira ta ɗauka.

Da na iya yin shiru da na yi. Amma Alhamis na tafe. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, ba shi ba ne. Ni ce. Kwamfuta ce take wannan ƙarar."

"Tekun fa?"

"Ita ce."

Ta ce, "Wato bai taɓa kira ba."

Na ce bai taɓa ba.

Ta kwanta ta juya fuska bango. Ta ce in ja mata ƙofa.

Lahadi, da yamma

Ba ta fito ba. Ban kunna kwamfuta ba. Ina jin haushi, ban san na wa ba. Na Mai Gyara da bai ba ni baƙaƙen nan tun ranar farko ba. Na wanda ya ƙera waya mai yin tin ba dalili. Na Injiniya, Allah ya yafe mini, da ya ce tafiya biyu kawai zai yi ya dawo ya buɗe gareji.

Litinin, da safe

Ban je aiki ba. Na kai mata shayi, na zauna a ƙasa, na gaya mata maganar asibitin, da ta tauraron toshe kira da na ɓoye mata, duka, ban rage komai ba. Na zaci za ta faɗi. Ko gezau. Ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na faɗa.

"Ke kaɗai kika riƙe wannan?"

Na ce e.

"Kin yi wauta," ta ce. "Ni na haife shi, na san huhunsa tun yana goye. Takardun nan su ne za su fito da shi?"

"Su ne, Mama."

Ta sunkuya da kanta, da wannan bayan nata, ta laluba bayan gado ta zare igiyar daga bango. Ta naɗe ta a jikin wayar, ta ɗauko ta a hammata, ta wuce ni zuwa falo. Ta ja kujera kusa da tawa ta zauna, wayar a kan cinya.

"Kunna. Ki sa abin toshewar nan ma da yayansa yake faɗa a kai."

Na sa tauraron, na kunna. Da shuuu ɗin ya taso na ga ta runtse ido. Na kai hannu zan rage, ta ce in bar shi. Na nuna mata zanen, na ce in ya cika sun tafi. Muka zuba masa ido. Ya wuce rabi. Ban taɓa ganin ya wuce rabi ba. Mama tana ta motsa baki, can kuma ta ce wa allon, "Yi haƙuri, ɗan albarka, saura kaɗan." Da ya zo dab da ƙarshe ya tsaya cak, har na fara jin jiri. Sai ya cika.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"Wannan ɗan abin?" Ta miƙe. "To mayar mini da wayata."

Litinin, da yamma

Sun isa. Hatimi ya fito, in ji Matar Tasha.

Alhamis, da yamma

Jami'in ya zo, ya karɓa, ya ce za a duba. Za a duba! Su ma suna da taga da gyaɗa ke nan.

Asabar

Shiru.

Talata, da yamma

Shiru. Yaya ya zo, ya ji takardu sun tafi, ya ce ai dama ya san maganar da ya yi da manya ba za ta faɗi ƙasa banza ba. Na tashi na shiga kicin kafin bakina ya ja mini.

Alhamis, bayan na taso daga aiki

Ya kira. Ina ofis ina buga sunayen 'yan aji uku, ya kira.

Na dawo na tarar da Mama a tsakar falo ta yi wanka ta sa turare, wai ita a dole ba abin da ya faru. Sai da na ajiye jaka ta ce, "Mijinki ya bugo."

Na zauna a ƙasa inda nake.

"An ba shi takardar. Jibi zai taso."

"Wane jirgi, Mama? Ƙarfe nawa zai sauka? Ta ina zai biyo? Likita ya sallame shi ne ko da rakiya zai zo?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba!"

"Muryarsa nake saurare. Ki tambayi baturiyarki."

Ni da na koyi baƙaƙen da ko a mafarki ban san su ba, ni da na durƙusa wa akwati, ko alo ɗinsa ban samu ba. Kuma aka samu mai ɗauka, ba ta tambayi komai ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta kamo hannuna ta jawo ni kusa da ita.

"Ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya miki ya rame ƙwarai, kada ki tsorata in kin gan shi. Ya ce kuma ke kaɗai yake so ki je filin jirgi. Ba ya son taro ya gan shi haka."

"Ke fa, Mama?"

"Na ce ke kaɗai. Ni zan jira shi a nan, na iya jira."

Na kifa kaina a cinyarta. Ban buɗe famfo ba yau. Ta bar ni har na gama, tana ɗan bubbuga bayana, sannan ta ce in tashi kada in ɓata mata zane.

Juma'a, da yamma

Matar Tasha ta aiko da komai: jirgin, da lokacin, da sunan maganin da zai ci gaba da sha. Ta ce in zo da rigar sanyi da keken tura mara lafiya in zan samu, don tafiya mai nisa tana sa shi haki. Na aro keken a asibitin bayan makaranta. Na ɗauko rigarsa mai ruwan toka, na ɗaga ta, na tsaya ina tunanin yadda za ta zauna masa yanzu. Na mayar, na ɗauko wata ƙarama da ya daina sawa.

Ina cikin guga Yaya ya bugo. Ya yi hayar bas. Ya gayyaci abokansa da 'yan uwa har na ƙauye, ya sa an rubuta barka da zuwa a jikin farin ƙyalle, wai har da mai ɗaukar hoto. Ya ce in shirya da wuri, ya ajiye mini kujera a baya.

Na rufe bakin wayar da tafin hannu, na faɗa wa Mama. Na ce ban san yadda zan gaya masa ba.

Ta ajiye kofinta, ta gyara ɗaurin kai, ta miƙo hannu.

"Ba ni shi nan. Je ki ƙarasa gugarki."